Shekarar da Iri Ya Ƙare a Tsakiyar Gona

Bana ruwa ya yi jinkiri. Har watan shida ya kama sama na nan fayau, ƙarfen da na bari a ƙofar shago kuwa in ka taɓa shi da azahar sai ka yarfe hannu. Ni mai walda ne a Batsari, garmar shanu da amalanke da ƙofofi su ne abincina, kuma manomi ba ya tuna garmarsa ta karye sai ya ga hadari. Saboda haka zaune nake a benci ina korar ƙuda sa'ad da ɗiyata Rabi ta shigo da takarda a hannu, ko kayan makaranta ba ta cire ba.

"Baba, gwamnatin jiha ta saki kuɗin gasar kimiyya," in ji ta. "Mu huɗu za mu Katsina daga makarantarmu. Mota, masauki, abinci, har da kuɗin sayen kayan haɗawa. Hannu kawai za ka sa."

"Ku huɗu?"

"Mu huɗu, sai Malama."

Na sa hannu, na ce Allah ya ba da sa'a, ta fita tana sauri. Ni kuma na zauna da wani ɗaci wanda na sani sarai, don mun daɗe tare. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, a wata damina mai wuya kamar wannan, gwamnati ta taɓa sakin irin wannan kuɗi. Amma na ɗalibi ɗaya ne.

A Karare aka haife ni, ni ne ɗan fari. Waccan shekarar ruwan farko da wuri ya zo. Ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakuna, yara suka fita tsirara suna tsalle a kwata. Tsofaffi suka ce a dakata, wannan ruwan yaudara ne. To amma wa zai ga ƙasa ta jiƙe kamu guda ya zauna? Gari ya watse gona. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kwana biyu muka gama. Gero ya tsiro kore shar, layi-layi kamar an ja da zare.

Daga nan sama ta kame. Kwana goma, sha biyar, ashirin. Hadari yakan haɗo daga gabas ya yi baƙi har kaji su shiga akurki, sai iska ta taso ta kwashe shi ta kai wa wasu. Shuka ta fara naɗe ganye da rana tana warwarewa da safe, daga baya ta daina warwarewa. An fita roƙon ruwa sau biyu, an yi sadakar gumba. Abin da rana ta rage, yashi ya binne.

Ran da na zo gida daga makaranta hutun ƙarshen mako, na tarar irin da ya rage mana bai cika ƙwarya ba. Inna ta ƙulle shi a tsumma ta rataye can saman ɗaki, don kada ido ya gani ciki ya nema. Baba kuma yana kwance a zaure, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi. Kurkunu ne. Yaran yanzu ba su san shi ba, kada ma Allah ya sa su sani. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, a ruwan tafki ake shan ta, sai ta shekara a jiki sannan ta huda fata ta leƙo, kuma ba ta tashi leƙowa sai lokacin noma. Ba a jan ta da ƙarfi, in ta tsinke ƙafa ruɓewa take. Kullum da safe sai a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a jira gobe. Uku gare shi a ƙafa ɗaya.

Ya ce da ni, "Lawwali, in ruwa ya dawo kai ne gonar. Kuma wanga iri shi ke nan, babu wani bayansa. In ka cika hannu a rami ɗaya, ka zubar da tuwon wani."

Da wannan maganar na koma makaranta.

Sakandarenmu a Safana take. Ni da abokina Haro muna kwana a zauren wani dattijo da ya san iyayenmu. Haruna ne sunansa na yanka, Bafillace ne daga wata ruga kusa da Zakka. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Duk ran da ya dawo daga gida yakan zo da gorar nono da curin fura daga wurin Dada, mahaifiyarsa, mu raba daidai. Haro yana da baki. Turanci a harshensa kamar ruwa a gangare, ga rubutu mai kyau. Ni kuwa in malami ya tsayar da ni a aji, kalmomi sai su gudu su bar ni da gumi. Amma ka ba ni abin da ya mutu, tocila ce ko makulli ko famfon keke, zan tashe shi.

A makon nan ne Malam Isiyaku, malaminmu na kimiyya, ya shigo da labari. Ya ce gwamnati ta ware kuɗi, kowace makaranta ta kawo abin da ɗalibanta suka ƙera da hannunsu wanda zai amfani mutanen karkara, kuma wanda ya ci za a ɗauki nauyin karatunsa. Aji ya kaure da surutu, masu cewa jirgin sama, masu cewa rediyo. Ni hankalina yana kan ƙullin nan da ke rataye a ɗakin Inna. Hannun mutum ba shi da awo. Yatsu uku sukan ɗebo ƙwaya goma, wani lokaci ashirin, in ka gaji ma har fiye. Da a ce akwai abin da zai riƙa ƙirgawa fa?

Na samo tsohuwar ƙafar keke da sarƙarta a wurin mai faci. Na sassaƙa faifan katako kamar faɗin tafin hannu, na yi masa ƙananan gurabu a gefe, kowane gurbi ba ya ɗaukar fiye da ƙwayar gero biyar ko shida. Faifan yana juyawa a ƙarƙashin gwangwanin da aka zuba iri. In ka tura ƙafar keken ta yi tsawon taki ɗaya, sai gurbi ɗaya ya juye cikin bututun gora, irin ya gangara ƙasa. A gaba na ɗaura ruwan tsohuwar fartanya tana tsaga ƙasa, a baya guntun takalmin taya yana ja yana rufewa. Faɗa da baki ya fi sauƙi. Faifai bakwai na sassaƙa kafin ɗaya ya yarda, na shida ne ya ci mini naman babban yatsa. Haro yana riƙe mini, yana miƙo ƙusa, kuma shi ya zana hoton injin a babbar takarda ya rubuta bayaninsa da Turanci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi wannan, kuma ya yi da kyau. Geron da muka gwada da shi ma daga gidansu ya fito.

Ran gwaji, a bayan aji, na tura injin tsawon layi uku cikin yashi. Malam Isiyaku ya tsuguna da farin wandonsa ya riƙa tonawa yana ƙirgawa. Biyar, shida, biyar, biyar. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Wa ya yi tunanin faifan nan?"

Haro ya nuna ni da yatsa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba na jin na sake.

Bayan kwana huɗu Malam ya kira mu gindin dogon-yaro, yana riƙe da takarda.

"Kuɗin da aka turo na malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya," ya ce. "Na ce zan biya wa na biyu mota daga aljihuna, aka ce masauki da katin shiga ma a ƙidaye suke." Ya dube ni. "Lawal, alƙalan nan da Turanci za su yi tambaya. Minti goma ake ba kowa. In ka tsaya ka yi shiru, injin ba zai yi magana da kansa ba."

"Malam, ni na ƙera shi."

"Na sani, kowa ma ya sani. Amma makaranta muke nema wa suna. Kuma na ji mahaifinka na kwance, in ruwa ya sauka gida za a neme ka."

Haro ya ce, "Malam, a bar shi ya je. Ni sai in rubuta mashi abin da zai faɗa ya haddace."

Malam ya girgiza kai. Haro bai sake cewa ba. Na lura sau ɗaya ya faɗa, kuma shekara talatin ina lura da hakan.

Abu ɗaya na roƙa, a bar mini injin in yi shuka da shi tukuna. Malam ya ce in ruwa ya sauka kafin Laraba in ɗauka. Bai sauka ba. Ranar Laraba da hantsi aka ɗaure injin da igiya a bayan akori-kura, Haro ya shiga gaba kusa da Malam, sanye da takalmin aro. Ya ɗago mini hannu, na yi kamar ina kallon wani wuri. Da la'asar ɗin ranar ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya.

Na isa Karare washegari, jiƙe sharkaf, rabin hanya a mota rabi a ƙasa. Laimar shuka kwana biyu ce, in ta wuce ta wuce. Na ɗauki sungumin Baba, wanda ya fi ni tsawo. Ƙanwata Indo, 'yar shekara tara, ita ke jefa iri. Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka gona ba, ta ɗaura zane ta biyo mu tana rufewa. Ina sara ina waiwaye.

"Rage hannu, Indo."

Ta rage, bayan rami ashirin hannun ya koma yadda yake. Yarinya ce, ga rana ta fito bayan ruwa, irin mai dafa mutum daga ƙasa, tururi na tashi daga kunya. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ƙotar sungumi ta riƙa mannewa. A rana ta biyu, kafin azahar, Indo ta karkato mini ƙwaryar. Babu ko ƙwaya. Daga gindin tsamiya har zuwa gambar da ke kan iyaka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na gonar, ramukan da na riga na sara suna nan buɗe.

Na san lissafin, don na yi shi a bayan aji. Da injin ne, irin nan zai kai iyaka har a rage na cike gurbi. Na ɗaga hannu zan kai wa Indo mari. Inna ta ce, "Kai." Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Wannan "kai" ɗin kaɗai ya isa. Na sauke hannu, na je na zauna a gindin tsamiya, ina tunanin injina a Katsina, cikin ɗaki mai fanka, yana zuba iri a kan siminti don manya su tafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ina tsaye a gaban mai tireda, rediyonsa na ba da labaran jiha. Aka ce an kammala gasar kimiyya ta makarantu, kuma wanda ya zo na ɗaya shi ne Haruna, ɗan wani makiyayi daga Zakka, wanda ya ƙera injin shuka da ƙafar keke. Mutanen da ke wurin suka yi ta mamaki. Wani ya ce, "Ka ji ɗan Fulani da kai. Mu manoman muna nan, mai shanu ya yi mana injin shuka." Aka yi dariya. Wani ya juyo ya ce, "Lawwali, ba makarantarku ba ce? Ka san shi?" Na ce na san shi. Na tafi gida ta bayan gari.

Sai marka ta shigo. Wanda bai yi yunwar marka ba yana tsammanin yunwa da fari take tafiya. A'a, yunwa ta fi ciwo lokacin da ko'ina ya yi kore. Ruwa kwana uku ba ɗaukewa, katanga na zubewa, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa sai hayaƙi, tabarma na warin danshi, rumbu kuwa in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Da asuba Inna takan dama kunu tsararo, wanda kake iya ganin gindin ludayi ta cikinsa, a fara ba Baba. Ta wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, ta naɗe tsinke. Ni in ɗauki fartanya in tafi noman firi ni kaɗai, daga baya maimai, noma na biyu. Sau ɗaya samarin unguwa suka yi mana gayya, ba mu da abin ba su sai ruwa, suka sha suka yi mana addu'a suka tafi. Indo takan bi gefen hanya ta tsinko tafasa da rama da yaɗiya. Da rana a dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli a marmasa, in ba a samu ba haka nan. Da yamma a tuƙa abin da aka tankaɗe daga dusa. Tafasa takan cika ciki na awa ɗaya, sannan ta bar ka da jiri da ɗacin baki. Ɓangaren gonar da ba a shuka ba ciyawa ta gaje shi, ta yi tsawo ta yi kyau fiye da geron. Kullum sai na ratsa ta cikinta.

Wata Asabar ina maimai a bakin hanya sai na ji ƙararrawar keke. Haro ne. Keken sabo fil, cikin kyautar gasar aka ba shi, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba, duk da taɓon da ya sha. A baya an ɗaure rabin buhun dawa, a hannun keken an rataye ƙaramar gora ta man shanu. Tun hantsi ya taso daga Zakka. Ya jingine keken, muka gaisa, gaisuwa mai tsawo kamar ta surukai. Ina gida, ina mai jiki, ina ruwa, ina gajiya.

"Dada ta ce a gaida Inna, a yi wa Baba sannu," ya ce. "Ta ce wannan a ba yara."

"Ina injina?"

"Sun riƙe shi a Katsina. Wai za a ajiye a riƙa nuna wa baƙi. Wallahi na roƙa."

"Da suka tambaye ka wa ya ƙera, mi ka ce?"

"Na ce aikin makarantarmu ne. Sunan da ke kan takarda suka kira."

"Ka ce Lawal?"

Ya tsura wa ƙararrawar keken ido. "Ba su tambayi suna ba."

Ƙuda na bin gorar man shanu, ni kuma ƙamshinsa na shiga mini har ciki. Rabona da maiƙo tun kafin ruwan farko.

"Keken nan ma naka ne in kana so," ya ce. "Na yi shawara da Baffa, ya ce daidai ne."

Abin da ya ƙarasa ni ke nan. Da ya zo da girman kai, da na samu abin riƙewa. Amma ya zo da kirki, ya zo da abin bayarwa, fatarsa na sheƙi, ni kuwa ina tsaye da tsumma a hannu da koren tafasa a haƙori. Ba keken nake so ba. So nake a ce ni ne a kai, shi ne a gona, ni in zo in yi masa kirki.

"Gidanmu ba a bara," na ce. "Juya."

"Ba wurinka aka aiko ni ba, Lawal. Wurin Inna aka aiko ni."

"Ni ne gidan yanzu. Juya, kafin mutane su taru."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya keken, da ƙyar saboda nauyin buhun, ya tura shi cikin taɓo har ya samu tudu ya hau. Yayyafi ya fara. Na bi buhun nan da ido har ya shige bayan dawar mutane. Ban gaya wa kowa ba.

Cikin makon nan Indo ta kwanta. Zawo ne ya fara, sai ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Mai magani a asibitin sha-ka-tafi ya ce ba allura take nema ba, abinci take nema. Inna ta ba dillaliya akuyarta guda ɗaya da tasoshin aurenta aka kai kasuwar Batsari. Dillaliyar ce ta dawo da ɗan abin da aka auno, ta kuma dawo da magana. Ta ce wata mai tallan nono daga wajen Zakka ta tare ta tana tambaya, mi suka yi wa mutanen Karare da har za a maido musu hatsi daga bakin gona.

Da magariba Inna ta dama wa Indo kunu mai kauri, ta kai wa Baba tuwo. Ni ta ajiye mini kwanon tafasa a gabana.

"Ci," ta ce. "Kai ka zaɓa mana shi."

Na sunkuyar da kai.

"Yunwarka taka ce, kana iya yin girman kai da ita. Ta yarinyar nan fa, wa ya ba ka?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Baba yana ji daga zaure. Na ci tafasar duka, don ba ni da fuskar barin ta.

Indo ta tashi, amma sai da gero ya yi ido aka fara tumu. Na tuna zangarniyar farko da na karyo na gasa mata, tana murzawa da hannu biyu tana ci da zafinsa, baƙin gawayi har kumatu. Da kaka abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Baba ya miƙe da ɗingishin da bai rabu da shi ba. Na koma makaranta a makare na tarar Haro ya tafi, an mayar da shi makarantar kimiyya a kan nauyin gwamnati. Ni zango ɗaya na ƙara, gona ta sake kira, daga nan sai koyon walda. Haro injiniya ne yanzu. Ya zo ta'aziyyar Baba, ya zauna a tabarma kamar kowa, muka gaisa, ina gajiya, ina haƙuri. Shekarun da daji ya lalace aka kore shanun gidansu kaf. Na aika masa da jaje. Abin da zuciyata ta fara ji kafin jajen, Allah ya yafe mini shi. Injin shuka kuwa ban sake ƙerawa ba. Ina da kayan aikin da a wuni ɗaya zan yi goma, mutane sun sha tambaya, ina cewa ba riba.

To, bana ga Rabi da ƙawayenta uku. Abin da suka haɗa akwatin busar da tumatir ne da zafin rana, gilashi a sama, raga a ciki, ga 'yar fanka mai aiki da sola. A bayan shagona suka yi aikin, mako biyu suna zuwa bayan an tashi daga makaranta, suna dariya, suna duba waya, kayan aiki sababbi a kwali. Malamarsu takan zo a kan babur ta kawo musu lemo. An ɗinka musu riguna iri ɗaya. Ni na yanka musu ƙarfen ƙafafun, na ba su aron abin huda.

Ran da suka gama, Rabi ta kira ni in gani. Kallo ɗaya na yi na ga matsalar. Sun yi ƙofar shigar iska a ƙasa, daidai ne, amma mafitarta ƙarama ce kuma ita ma a ƙasa take. Iska mai zafi sama take nema. Danshin tumatir zai tashi ya rasa hanya, ya taru a gilashi, ya riƙa ɗigowa. Huda uku a saman bangon baya sun isa, aikin minti biyar.

"Ya ka gani, Baba?"

Na dubi rigunan nan huɗu, na dubi kwalayen. Na ce, "Ya yi kyau."

Ruwa ya sauka ran da bas ta zo ɗaukarsu, manoma suka cika mini shago da karyayyun garemani, na ce wa kaina aiki ne ya sha mini kai. Kwana uku suka yi. Ta dawo da la'asar, ɗan acaɓa ya sauke akwatin a ƙofar shago. Ta zauna a benci ba ta cire jaka ba.

"Ba mu ci ba," ta ce. "Da safe alƙalai suka sa muka jera tumatir. Da suka dawo da azahar gilashin ya yi gumi, ruwa na ɗiga a kai. 'Yan wata makaranta har dariya suka yi."

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Wani abu ya sauka daga ƙirjina, kamar an ɗauke mini dutse. Ɗiyata ce, ta cikina, idonta ya yi ja, ni kuwa sauƙi na ji. Na yi istigfari a zuci, na tashi da sauri na ɗauko abin huda, don hannuna ya samu abin yi.

"Kawo nan. Mafitar iska ce, a sama ya kamata ta zama. Tun ran da kuka gama na gani."

Sai da maganar ta fita na ji ta.

Rabi ta ɗago kai a hankali. "Tun ran da muka gama?"

Na riƙa juya abin huda a hannu.

"Na tambaye ka, Baba. Ka ce ya yi kyau. Mi ya sa ba ka faɗa ba?"

Ƙarya uku suka zo mini a lokaci ɗaya, kowace za ta iya wucewa. In ce ban tabbata ba, in ce dokar gasa ta hana, in ce so nake su koya da kansu. Na dubi fuskarta na kasa ɗaukar ko ɗaya.

"Ƙyashi na ji," na ce.

Ta yi ɗan murmushi, tana jiran in ce wasa nake. Da ta ga ban ce ba, murmushin ya tafi. Ta miƙe ta gyara jakarta.

"Malama ta ce baɗi ma gwamnati za ta ba da kuɗin," ta ce. "Za mu sake shiga. Amma ba a nan za mu haɗa ba."

Ta durƙusa ta yi mini sai an jima kamar yadda ta saba, ta tafi gida.

Na huda ramukan uku. Na sayi tumatir na yanka na jera, kwana biyu da aka samu rana ya bushe ƙarau, ja wur, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a gilashi. Na kai wa mahaifiyarta a leda. Da shi aka yi miyar jiya. Rabi ta ci, ta wanke kwanonta, ba ta tambayi inda ya fito ba.